Jirgin da Ya Je Gaida Hajiya Hamdia

Rigimar da Malam Sayibu ya sha kaye a cikinta, wadda har yau matan Greensboro ta Amurka ke tunawa idan sun taru yankan albasa, a kan fakin ɗin mota aka yi ta.

Ranar wani suna ce a Pleasant Garden, inda kowane gida ya koma gefe ya zauna kamar ya yi faɗa da maƙwabcinsa. An yi ruwa da safe, ciyawa ta jiƙe sharkaf. Matarsa Kaltouma na zaune a gaba, ta sha leshi da takalmi mai tsini, ga tukunyar wake da shinkafa a cinyarta. Kowa ya kai motarsa bakin ƙofa. Shi kuwa Sayibu da ya hango kwatar da ke gefen titi, sai ya ja ya tsaya can baya, taku uku daga gefen, ya kashe mota.

Ya ce, "Mun iso."

Kaltouma ta leƙa ta taga. "Mun iso ina, Malam? Gidan ma da ƙyar nake hango rufinsa."

"Gefen nan ba a san zurfinsa ba."

"Kwata ce, Kyaftin. Ko kaza ta faɗa ciki ba za ta jiƙa cinya ba."

"Abin da ba ka ga ƙasansa ba, kada ka matsa masa."

Ta ce ya zagayo ya karɓi tukunya ta gyara ɗaurin kai. Yana rungumar tukunya, Kaltouma ta zame ta koma kujerarsa, ta murza makulli, ta kai motar har gindin matakalar masu gida, ta fito takalminta ko ɗigon laka babu. Malam Sayibu ya biyo baya a ƙasa, babbar riga na jan ciyawa, tururin wake na dukan gemunsa, mata kusan ashirin na tsaye a baranda suna ba shi hanya da baki: "Dama-dama, Kyaftin. A hankali, akwai dutse a gabanka." Ya shigo ya ajiye tukunya ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Dariyar da aka yi ranar, ita ma Kaltouma da ita aka yi, don a lokacin ba ta san abin da take wa dariya ba. Abin da ta sani shi ne abin da kowa ya sani: wai mijinta ya taɓa kai wani ƙaton jirgin ruwa ya kara da dutse saboda yana so 'yan garinsu su gan shi yana tuƙi.

Garin nasu ƙarami ne, a bakin teku, yamma da Takoradi. Masunta Fanti ne suka fi yawa, sai zango, unguwar Hausawa, mai gida ashirin da 'yan kai a bayansu. Uban Sayibu mahauci ne, ya so yaron ya gaji wuƙa, amma yaron ƙarnin kifi ya fi masa daɗi. Tun yana shekara goma yake laɓewa ya bi masunta a kwale-kwale. A wurinsu ya san duwatsu uku da ke kwance a bakin tsinin garin, waɗanda ba sa fitowa sai ruwa ya janye. Masunta na ce musu tsofaffin mata uku, wai don suna zaune shiru amma ba wanda ya taɓa takarsu ya kwana lafiya. Wanda ya raɗa wannan suna ya san duniya.

Daga kwale-kwale ya koma jiragen kaya a Tema, yana kankare tsatsa yana shafa fenti, har Allah ya kai shi jirgin yawon shaƙatawa. Wanda bai taɓa gani ba, ya ɗauka unguwa guda ce aka ɗora kan ruwa: bene takwas, wurin wanka, gidan rawa, da tsofaffin Turawa kusan dubu waɗanda ba su da aiki sai ci sau biyar a yini, su fito su shanya jiki a rana kamar kilishi. Shekara ashirin da ɗaya Sayibu ya yi a wannan harka. Goman ƙarshe a ɗakin tuƙi ya yi su, shi ne mai riƙe sitiyari idan an zo wuri mai wuya. Ba shi ke zaɓar hanya ba. Kyaftin ya faɗi, shi ya maimaita, ya juya. Amma hannun nasa ne, kuma ana yabonsa, ana cewa ko shayi ba ya zuba a kofi idan shi ke riƙe.

Shi ne ya kawo Jamaldeen aikin jirgi. Ɗan maƙwabtansu ne, Sayibu ya girme shi da shekara biyu, gidajensu katanga ɗaya ta raba. Ya sa baki aka ɗauke shi wankin kwanuka. Jamaldeen kuwa Allah ya ba shi harshe. Idan ya ce maka ina kwana sai ka ji kamar kyauta ya ba ka. Shekara shida ya bar kwanuka ya zama shugaban masu hidimar teburin kyaftin, da farar riga da baƙin malam-buɗe-littafi a wuya. Ya san yadda kyaftin ke son kofi, ya san sunan karensa, ya san ranar da bai kamata a yi masa magana ba.

Akwai wata al'ada a waɗannan jirage da ba a rubuta ta a kowane littafi ba. Idan za a wuce garin wani babba a cikin ma'aikata, kyaftin kan bar hanya ya matso gaɓa, a busa ƙaho sau uku, a gaida gari. Fasinja su cika baranda da kyamara, mutanen gari su ɗaga hannu, kowa ya ji daɗi. A takarda kamfani ya hana, ya faɗi nisan da za a bari tsakanin jirgi da gaɓa. A baki kuwa kamfanin ya fi kowa son hotunan. Sayibu ya riƙe sitiyari an gaida garin injiniya, an gaida garin likitan jirgi, an ma taɓa gaida wani tsibiri da ba kowa a ciki sai surukar kyaftin da awakinta.

A shekarar dubu biyu da tara jirgin ya zagayo daga kudancin Afirka zai koma Turai, ya yada zango yini ɗaya a Takoradi. Da la'asar aka kama hanyar yamma, rana tas, teku kwance. Sayibu na riƙe da sitiyari sai ya ji an ba shi umarnin karkata dama. Ya maimaita, ya juya. Aka ƙara. Ya ɗaga kai ya ga tsinin garinsu na tahowa, ga hasumiyar masallacin zango da ya yi shekara uku bai gani ba. Ya waiwaya. Jamaldeen na tsaye bayan kyaftin da faranti da kofi, wurin da ba shi da aikin komai, yana murmushi har kunne.

Sayibu ya ce da kyaftin cikin Turanci, da ladabi, akwai duwatsu uku a gaba, kuma ruwa yana janyewa. Kyaftin ya duba taswira ya ce biyu ne, kuma na'ura na nuna zurfi ya isa. Sayibu ya ce uku ne, ya taka su da ƙafarsa. Kyaftin ya kurɓi kofi ya ce, "Hannunka aka ɗauka aiki, ba bakinka ba."

Nan Jamaldeen ya matso ya yi ƙasa da murya, da Hausa, yadda ba wanda zai ji. "Yaya Sayibu, don Allah. Tsohuwa ce, ba ta taɓa ganin inda nake aiki ba. Minti biyar ne."

Tsohuwar ita ce Hajiya Hamdia, uwar Jamaldeen. Shekara uku kafin wannan rana, lokacin da uwar Sayibu ta rasu yana can tekun arewa cikin ƙanƙara, Hajiya Hamdia ce ta yi jinyarta, ita ta rufe mata ido, ita ta yi mata wanka. Sayibu bai iso ba sai bayan sadakar arba'in. 'Yan'uwansa suka sayar da gidan suka koma Kumasi. A wannan gari ba shi da sauran kowa sai kaburbura biyu da wannan tsohuwa.

Yana iya sakin sitiyari ya ja da baya ya ce a nemi wani. Da an kore shi, amma da jirgi ya wuce lafiya ko a ƙalla ba da hannunsa ba. Bai saki ba. Wannan shi ne rabonsa na laifin, kuma bai taɓa neman ya ɗora wa wani ba. Ya riƙe, yana ƙidaya a zuci. Suka wuce ta farko. Aka busa ƙaho, gari ya ɗauka. A bakin yashi ga makaɗa, ga matan zango kusan talatin cikin atamfa iri ɗaya, shuɗiya mai zanen kifi, ga Hajiya Hamdia a tsakiya tana kaɗa farin mayafi. Suka wuce ta biyu. Aka busa na biyu. Kafin a busa na uku, tsohuwa ta uku ta yi magana.

Ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba, kamar a ja babban tebur a kan siminti ne, sai dai ba ta ƙarewa. Jirgi ya girgiza ya karkata. Kwanukan cin abinci ɗari biyar suka sauka lokaci guda. A kicin, tukunyar mai ta kife wa wani mai dafuwa ɗan Nijar, Maazou, daga gwiwa zuwa ƙasa. Ruwa ya fara shiga ɗakin wanki. Kyaftin ya shige ofis ya rufe ƙofa yana waya da kamfani, su kuwa fasinja suna ta ɗaura rigar ceto a baibai. Ƙananan ma'aikata ne suka sauke kwale-kwalen ceto, masunta Fanti suka turo nasu, aka yi ta jigilar tsofaffin Turawa zuwa yashi har magariba. Ba wanda ya mutu. Maazou dai bai ƙara tsayuwa a kicin ba.

Bayan kwana huɗu mutanen kamfani suka iso da jakunkuna, suka kama ɗaki a wani otal a Takoradi, suka fara kiran mutane ɗaya-ɗaya. Da safen ranar, bayan sallar asuba, Jamaldeen ya sami Sayibu yana shan koko. Ya durƙusa har ƙasa, farar rigar nan ta yi datti.

"Yaya, rufin asiri. Idan suka ji ni na roƙi kyaftin, tawa ta ƙare. Tsohuwa ba za ta ɗauka ba, za ta ce ita ta jawo. Kai dai ka ce umarni aka ba ka. Ni kuma zan ce a gabana ka yi gargaɗi sau biyu. Na rantse da nonon da na sha."

A zango ba a tona ɗan'uwa a gaban baƙo. Da haka aka raine su. Sayibu ya shiga, aka tambaye shi wa ya nemi a matsa gaɓa, ya ce shi umarni ya bi. Aka ce garin wa ne, ya ce garinsu ne. Suka rubuta. Jamaldeen ya shiga bayansa, ya yi minti arba'in, ya fito bai dubi kowa ba. Da rana aka sake kiran Sayibu aka karanta masa. Kyaftin ya ce mai sitiyari ne ya dame shi a gaida garinsu, kuma shi ya tabbatar masa, a matsayinsa na ɗan wurin, cewa ruwan na da zurfi. Shaida guda ya goyi bayan wannan magana, mai hidimar tebur, wanda ya ce ya kai kofi ne kawai ya ji komai da kunnensa.

Kamfani ya ji daɗin wannan labari, don ya fi arha. Kyaftin aka ba shi hutun wata shida aka mai da shi wani jirgi. Littafin aikin Sayibu aka buga masa jan hatimi, wanda duk wani kamfanin jirgi a duniya ya iya karantawa. Shekara ashirin da ɗaya suka tafi a bugu ɗaya.

Kafin ya bar yankin ya je gaida Hajiya Hamdia, da niyyar ya faɗa mata. Ya tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta kama hannuwansa biyu ta riƙe. "Ɗana, an ce kai ka tuƙo min shi. Allah ya yi maka albarka. Dutse kuma ikon Allah ne, tun kafin a haife mu yake nan." Ta zuba masa abinci ta zauna tana kallonsa yana ci, kamar yadda uwarsa ke yi. Ya ci ya yi godiya ya tafi da maganarsa a ciki.

Shekara biyu ya yi yana jan motar haya a Kumasi, sai ya ci bizar lotare. Wa zai tarbe shi a Amurka? Mutum ɗaya ya sani. Jamaldeen ya riga shi zuwa, ya sauka Greensboro, ya fara da dafa abincin biki, ya koma harkar manyan motoci. Ya je Makka ya dawo Alhaji. Shi ya zo filin jirgi da kansa, ya rungume Sayibu har da hawaye, ya ba shi ɗaki wata biyu. Alheri ne, ba mai musu. Sai dai ranar Juma'ar farko, da aka fito masallaci, Sayibu ya ga mutanen da bai taɓa gani ba suna miƙo masa hannu suna danne dariya: "Kai ne Kyaftin? Sannu da zuwa. A nan dai ba mu da teku, hankalinmu a kwance." Labari ya riga shi sauka, an ba shi ɗaki, an ba shi abinci, har ya yi ƙiba. Alhaji Jamaldeen ya iya ba da shi, yana kwaikwayon ƙaho, yana kwaikwayon karkatar jirgi, ya ƙare da dafa kafaɗar Sayibu. Da can Yaya yake ce masa. A Amurka ya zama "cale", wato aboki, kamar sa'ansa na wasan ƙwallo.

Sayibu ya yi aikin ɗaukar kaya a sito, ya yi jarrabawa ya sami lasin babbar mota, ya zama direban bas ɗin makaranta. Ya kama ɗan gida a McLeansville, tsakanin gonar wani da dajin wani. Nan ya auri Kaltouma, bazawara 'yar Maraɗi mai kitso, wadda ta ce ta aure shi ne don shi kaɗai ne namiji a Greensboro da ke barin mace ta kai ƙarshen zance. Shekara goma sha uku yana jan rawayar bas ɗin nan ko madubi bai taɓa gogewa ba. Kullum da safe sai ya zagaye ta sau biyu yana buga taya da ƙafa. Iyaye su roƙe shi ya ɗan shigo lungu ya ɗauki yaro a ƙofar gida saboda ruwan sama, hanya ce ta minti ɗaya, ya ce ba ta cikin takarda. Wata uwa ta kai ƙararsa kan haka, ofis suka duba suka ba shi takardar yabo. Yaran zango da ke shiga motarsa yana gaishe su da Hausa su amsa da Turanci, amma ba wanda ke miƙewa tsaye mota na tafiya.

Alhaji Jamaldeen kuwa ya sayi gida a Sedgefield, bayansa filin golf, ya zama shugaban ƙungiyar 'yan zango. A falonsa, sama da talabijin, akwai wani babban hoto cikin firam mai ruwan zinariya: Hajiya Hamdia a bakin teku da farin mayafi a sama, mata talatin kewaye da ita cikin shuɗiyar atamfa, ga jirgi a baya ya cika rabin sama. Duk wanda ya taɓa cin abincin salla a gidan ya ga hoton. Idan an tambaya, Alhaji ya ce, "Ranar da Kyaftin ya yi aikinsa ne. Mutane suka ji ƙaho suka fito kallo, aka yi sa'a mai hoto na kusa." Kaltouma ta taɓa tsayawa a gabansa da faranti a hannu ta ce, "Kai, wannan yayi ya yi kyau. Har ɗaurin kai iri ɗaya." Yayi dai shi ne abin da 'yan Kano ke ce wa anko. Matan da ke wurin suka yaba ɗinkin hannun riga, suka yi gardama kan ko atamfar 'yar Holan ce, suka koma kan nama. Mata masu iya gano sabon zobe daga ƙarshen ɗaki, shekara goma suna kallon hoton nan ba wadda ta ga abin da ke cikinsa. Sayibu kan zauna a kujerar da ke ba hoton baya.

Sau ɗaya Kaltouma ta tambaye shi, farkon aurensu. "Malam, da gaske kai ka yi?" Ya ce, "Hannuna ne a kan sitiyari." Ta ɗauka amsa ce.

Cikin azumin bara Hajiya Hamdia ta rasu, tana da shekara casa'in da wani abu. Aka yi addu'a a gidan Sedgefield. Sayibu ya karanta izu biyu shi kaɗai, ya yi kuka fiye da ɗanta, har aka yi ta mamaki. Tun daga ranar Kaltouma ta lura ya daina murmushi idan an ce Kyaftin.

Sai ga maganar tafiya. Matan ƙungiya, yawancinsu tsofaffi masu ciwon gwiwa, suka yanke shawarar su ma za su hau jirgin shaƙatawa kafin su mutu, su ga abin da Turawa ke gani. Kwana biyar, daga Norfolk. Ana buƙatar wanda zai kai su tashar da motar ƙungiya mai kujera goma sha biyar, tafiyar awa huɗu, ya kuma koma ya ɗauko su. Anti Akosua, shugabar mata, wadda ta musulunta shekara arba'in da suka wuce amma ta ƙi sakin sunanta, ta ce ba sai an yi dogon zance ba, ga Malam Sayibu.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka taru a ɗakin taron ƙungiya, maza a gaba, mata a baya da kulolin abinci. Sayibu ya zo da sabuwar hula. Tun daren Alhamis ya duba taswirar hanyar, ya rubuta wuraren da za a tsaya a yi alwala. Fiye da shekara goma sha biyar rabonsa da ganin teku, kuma wannan ne karo na farko da mutanensa suka ce ga rayukanmu, riƙe.

Anti Akosua ta faɗi sunansa. Alhaji Jamaldeen ya gyara babbar riga ya yi 'yar dariya.

"Anti, ba na ƙin maganarki. Amma inshorar motar nan da sunana take, ni ke da alhakin iyayenmu mata. Mutum ya ga teku ya tuna da, sai mu ji an kai su gaida wani gari."

Aka yi dariya, amma ba kamar da ba. Anti Akosua ta ce, "Alhaji, jikokinka uku shi ke kai su makaranta."

"Makaranta daban. Akwai masu sa masa ido. Ni na ga abin da ya faru da idona, ina tsaye a wurin. An ba shi amanar mutum dubu, ya sayar da ita don a tafa masa. Cale, ba gaba ba ce, ka san ni na tarbe ka a garin nan. Amma gaskiya ba ta da ɗan'uwa."

Kaltouma ta miƙe daga baya, gyale na zamewa. "Bon, Alhaji, mijina ne. Ni kaɗai ke da izinin yi masa dariya, kuma ko ni na gaji."

"Hajiya, zauna. Ba ki san teku ba, a Maraɗi ko tafki sai an yi sa'a."

Wani ya ce a kira direba daga waje. Wani ya ce a jefa ƙuri'a. Liman ya ce a yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce, Malam Sayibu ya tuba kuma Allah mai gafara ne. Wannan ita ta fi yi wa Sayibu zafi, a roƙa masa gafarar abin da wani ya shirya. Ya dubi Jamaldeen, yana jiran ko sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Ya ga yana duba agogo.

Sayibu ya cire sabuwar hular ya ɗora a gwiwa. Bai miƙe ba, bai ɗaga murya ba, sai da aka yi shiru don a ji shi.

"Hannuna ne a kan sitiyari, ban taɓa musu ba. Na yi gargaɗi sau biyu aka ƙi, ya kamata in saki, ban saki ba, kuma akwai wani bawan Allah Maazou da har yau yake jan ƙafa saboda haka. Wannan nawa ne."

"To ka gani," in ji Alhaji, yana buɗe hannu ga jama'a.

"Saura naka. Ranar da jirgin ya wuce, uwata ta shekara uku a kabari, gidanmu an sayar. Hajiya Hamdia ce ta yi mata wanka, shi ya sa na yi shiru tana raye." Ya juya ya dubi bayan ɗakin, inda mata suke. "Anti, duk kun ga hoton da ke falonsa. Ku kuka san ɗinki. Mata talatin, yayi ɗaya, har ɗaurin kai, ga makaɗa ga mai hoto."

Ya mai da ido kan Jamaldeen.

"Ka ce ƙaho suka ji suka fito kallo. Tsakanin busa ta farko da ta biyu minti biyu ne, Alhaji. Faɗa wa matan nan sunan telan."